Aikin Gari: A Yi Shawara da Ku, Ku Auna da Kanku

Ɗan'uwa manomi, in ka ga mota ta tsaya ƙofar mai gari, aka ce baƙi sun zo da wani aiki, rijiya ce ko bankin cimaka ko ɗakin shan magani, kada ka koma can baya ka ce ai sun fi ka sani. Takarda suka sani. Kai ne ka san wanda ba ya ga maciji da wane, ka san unguwar da mata ba su son zuwa ɗibar ruwa, ka san watan da babu mai kuɗi a hannu.

Akwai masu ilmin da wannan ne sana'arsu. Ana ce da ilmin nasu sanin halayyar al'umma, kuma a shekarar 1965 aka aza harsashinsa a wani taro a Amurka. Abin da suke koyarwa ba ya da wuya: mutum ba ya rabuwa da garinsu, don haka duk aikin da aka yi wa jama'a, da su za a tsara shi, da su za a auna shi. To, ba sai mun je Amurka ba. Ga abin da ya faru nan ƙasar Maraɗi.

An yi shekaru ana raba dashen itace, mafi yawansu suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai. In aka bar reshe biyu ko uku, aka rage sauran, sai su zama itace. Wannan shi ne sassaben zamani. Da aka yi yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, aka riƙa ba mutane hatsi bisa sharaɗin su bar itace cikin gonakinsu. Garuruwa kusan 100 suka shiga, aka tsirar da itace wajen 500,000.

Da a ranar nan aka rufe littafi, da an rubuta cewa aiki ya yi kyau ƙwarai. Amma da hatsi ya ƙare, sai aka sare kashi biyu cikin uku.

Me ya kawo haka? Ba lalaci ba ne. A lokacin, gonar da aka share tas ita ce gonar manomin kirki. Wanda ya bar kalgo da sabara sai maƙwabta su yi masa dariya. Bayan haka, doka ta ce itace na gwamnati ne. In ka sare wanda ka rena da hannunka, masu gandun daji na iya cin ka tara. Wa zai yi wahala kan abin da ba nasa ba? Ga kuma masu zuwa da dare su sare. Sai da aka zauna da mutane, aka daidaita da hukuma cewa mai gona yana da ikon amfani da itacensa, garuruwa kuma suka kafa nasu dokoki kan ɓarayin itace, sannan abin ya kama. Waɗanda suka bar nasu suka sami makamashi da abincin dabbobi, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya ba tare da an ba shi ko tiya ɗaya ba. A shekarun 2000, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar.

Dubi kuma Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta soma da matan ƙasar Maraɗi a 1991. An gina shi kan adashen da mata suka riga suka sani. Su ke yanke abin da za a zuba kowane mako, su ke riƙe makullan akwati, ana ƙidaya kuɗi gaban kowa. Awon aikin yana cikin akwatin nan, kowace mace tana ganinsa.

To, in aka kira taro a Tsibiri ko wani gari na kewaye, duba waɗanda suka zo. In babu mata, babu makiyaya, babu samari, taron bai cika ba. Mace sau da yawa ba ta iya musa wa surukinta a bainar jama'a, don haka a yi musu nasu zama daban. Sa'an nan ka yi tambayar da manoman fadamar Jiratawa suka san nauyinta, su da ke ban ruwa da famfon lantarki tun farkon shekarun 1980, suna biyan kuɗin ruwa bayan girbi: in inji ya lalace, wa zai gyara, da kuɗin wa?

Tun ranar farko ku yanke abin da za ku riƙa ƙidayawa. Kada ya wuce abu biyu ko uku. In rijiya ce, kwana nawa ta yi ba ta aiki cikin wata, kuma gida nawa suka koma tafki. In bankin cimaka ne, wa ya sami awo cikin damina lokacin da rumbu ya ƙare, wa aka hana. Ku sa yaro ɗan lakkol ya riƙa rubutawa, a karanta gaban jama'a sau biyu a shekara, bayan girbi da kafin shuka. Ƙidayar da ta fi kowace amfani ku yi ta shekara ɗaya bayan motar baƙin ta daina zuwa.