Motar farko ga matashi: Abin dubawa kafin ƙyallin fenti

A watan da ya gabata yayana ya nemi in raka shi wajen dillalan motoci a nan Kano. Babbar 'yarsa ta gama hidimar ƙasa, ta samu aiki a wurin da sai ta hau adaidaita sahu biyu kafin ta isa, shi kuma ya gaji da zaman zullumi duk ranar da aka kira magariba ba ta dawo ba. Ya sayar da wani fili, ita ma ta kawo ɗan abin da ta tara daga alawus, suka ce a nemo ƙaramar mota.

Wadda ta fara shiga ranta baƙa ce wuluk, fenti na ɗaukar ido, ga allo a gaba da ake haɗawa da waya. Dillalin ya yi ta rantsuwa cewa ko bango ba ta taɓa goga ba. Bakaniken da muka tafi da shi bai tanka ba. Ya shiga ya murɗa makulli rabi, bai tayar da inji ba, ya zuba wa fitilun dashbod ido. Ta mai ta kama, ta batir ta kama, amma ta jakar iska ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da ya duba tsakiyar sitiyari sai ga alamar gam. Ashe motar ta taɓa karo har jakar iskar ta fashe, aka gyara bodi, aka liƙe murfin babu komai a ciki, sannan aka kashe fitilar da za ta tona asiri.

Da mun biya a ranar, da yarinyar da ba ta cika shekara da karɓar lasisi ba ta riƙa hawa titi da motar da ba ta da abin kare ƙirjinta da fuskarta.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowace nahiya asarar rayuka idan aka auna da yawan jama'arta, duk da ƙarancin motocinta. Sabon direba zai yi kuskure, wannan babu makawa. Aikin mai saya shi ne ya nemo motar da za ta rage masa raɗaɗin kuskuren.

Ƙarama, amma ba ƙanƙanuwa ba

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, kowa ya koma neman mota mai tsimin mai. Hakan ya sa ƙananan motoci irin su Kia Picanto da Toyota Vitz da Peugeot 206 suka ƙara farin jini.

Sai dai idan mota biyu suka yi taho-mu-gama, mara nauyin ce ke shan mafi yawan dukan, kuma gajeren gaba ba ya da wadataccen ƙarfen da zai lanƙwashe ya shanye ƙarfin karon kafin ya iso ga ƙafafun direba. Shi ya sa IIHS, cibiyar da kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyi don binciken haɗurra, ba ta sanya motoci mafiya ƙanƙanta a jerin da take fitarwa na waɗanda suka dace da matasa. Haka kuma ba ta sanya masu ƙarfin inji fiye da kima, domin suna zuga mai ɗanyen jini ya taka totur.

Tsaka-tsakin shi ne ajin Toyota Corolla da Honda Civic da Mazda3 da Hyundai Elantra, masu inji lita 1.6 zuwa 2.0. Ba su da wahalar juyawa a lungu, shan mansu da sauƙi, kuma suna da ɗan jiki. Idan zirga-zirgar ba ta wuce cikin gari ba, ƙanƙanuwar ma za ta iya yi. Amma ga wanda zai riƙa bin hanyar Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja, inda zai yi gogayya da tirela da tanka, gara a ƙara kuɗin mai kaɗan a samu mai nauyi.

Shekarar ƙira ta fi suna muhimmanci

A kasuwarmu da an ce Corolla an gama magana. Amma Corolla ta 2004 da ta 2012 suna kawai suka haɗa idan ana batun kariya.

Abu na farko da za a tambaya shi ne ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa idan aka taka birki da ƙarfi, ta yadda direba zai iya ci gaba da sarrafa sitiyari. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba, shi ne ESC. Idan mota ta fara sulɓewa a kwana, ko direba ya fizgi sitiyari don kauce wa rami ko akuya, na'urar kan kama birkin taya ɗaya ko biyu da kanta ta dawo da motar kan hanya. Irin wannan fizgar ita ce kuskuren da sababbin direbobi suka fi yi. Binciken IIHS ya nuna ESC na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi a haɗurran da mota ɗaya ce ta ƙwace ita kaɗai.

Amurka ta wajabta ESC a kan dukkan ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Corolla ta kasuwar Amurka ta fara zuwa da ita a kowane samfuri tun ƙirar 2010. Toyota na kiran ta VSC, Honda na cewa VSA, Mazda kuma DSC. Alamarta a dashbod hoton mota ne da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta.

Kazalika, a kula da kasuwar da aka ƙera motar dominta. A 2020 ƙungiyar Global NCAP ta gwara sabuwar Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu da tsohuwar Nissan Navara ta 2015 da aka yi wa Turai. Sabuwar ce ta fi ragargajewa. Don haka sabunta kaɗai ba hujja ba ce, a tambayi daga ina motar ta fito da abin da ke cikinta.

Wadda bakaniken unguwa ya sani

Mota mai aminci a wajenmu ita ce wadda idan ta tsaya a Wudil ko Funtuwa za a samu mai gyaran ta da kayanta. A nan Corolla ta yi zarra. An sayar da sama da miliyan 50 a duniya tun 1966, kuma kayanta na nan birjik daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna da Apo a Abuja. Toyota Matrix da Pontiac Vibe ma 'yan gida ɗaya ne da ita, galibinsu injinsu ɗaya.

Kowace mota kuma tana da inda take ciwo. Wasu Honda Civic na 2006 zuwa 2009 sun yi fama da tsagewar jikin inji, ruwa na yoyo, har kamfanin ya tsawaita garanti a kansu. Ford Focus mai giya atomatik ta 2012 zuwa 2016 ta jawo wa kamfanin ƙararraki a kotunan Amurka saboda fizgar giya. Yawancin Corolla daga 2014 na amfani da giyar da ake kira CVT, wadda ke da nata mai na musamman. Idan aka zuba mata man giya na gama-gari, an ɗauko hanyar kashe ta.

Tarihin motar da ke gabanka

Yawancin motocin da ke shigo mana, ko a kira su Tokumbo ko Beljiyam, sun yi rayuwa a wata ƙasa. Da yawa daga na Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka sallama bayan haɗari ko ambaliya. Ba duka ne marasa kyau ba, amma haƙƙin mai saya ne ya san girman abin da ya same su.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. A tabbatar lambobin sun yi daidai da juna da kuma na takardun kwastam. Sau da yawa idan aka rubuta lambar a Google, hotunan motar a filin gwanjo kan fito, a ga yadda take kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta. Shafuka irin su Carfax kan ba da tarihin ta idan an biya.

Wadda ruwa ya ci ta fi wuyar ganewa, kuma matsalar wayoyinta ba ta ƙarewa. A ɗaga kafet a nemi busasshen taɓo, a leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, a jawo bel har ƙarshe a ga ko akwai shatin ruwa.

Akwai kuma waɗanda aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, amma har yanzu ana shigo da motocin Japan da Ingila masu sitiyari a dama, a mayar da shi hagu a gareji. Aikin ya shafi sitiyari da bututun birki da wayoyin jakar iska, kuma ba kowa ke yin sa da kyau ba. Idan sandar sigina tana dama, ko abin buɗe bonet yana ɓangaren fasinja, a yi tambaya.

Jakar iskar da kan zama makami

Ko jakar iska tana nan, da sauran bincike. Kamfanin Takata na Japan ya ƙera miliyoyin jakunkunan da sinadarin cikinsu ke lalacewa saboda zafi da laima, ta yadda idan suka buɗe sai su watso ɓaraguzan ƙarfe. An yi kiranyen kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, inda sama da mutum 20 suka mutu, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Abin ya shafi motocin da suka cika titunanmu, ciki har da Corolla da Matrix da Vibe da Civic na shekaru da dama. A Janairun 2024 Toyota ta gargaɗi masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 a Amurka da su daina tuƙa waɗanda ba a canja wa jakar ba. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka na nuna wa mutum kyauta, da lambar shasi, ko motar na da kiranyen da ba a gyara ba.

Ranar ciniki

A tafi da bakanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma a je da rana. A murɗa makulli rabi: fitilun jakar iska da ABS da na inji su kama, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba, da walakin. A sa na'urar kwamfuta ta duba motar. A tayar da inji yana sanyi a saurare shi, a tuƙa ta a kan kwalta da kan gargada, a taka birki da ƙarfi a wurin da babu kowa.

Kada a ƙarar da kuɗin duka a kan ciniki. Tayoyin da mota ke zuwa da su galibi sun tsufa ko da zanensu bai cinye ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A ware kuɗin sababbin tayoyi, da birki, da juyen mai, da rajista, da inshorar dole wadda ta koma Naira 15,000 ga motocin gida tun Janairun 2023.

Sauran aikin na direba ne

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa wa sababbin direbobi ba. Manyan lambobin agogon gudu na motocin Amurka mil ne, ba kilomita ba. Idan allura ta nuna 100, motar na gudun kusan kilomita 160 ne. Dokar Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, wato kusan 30 da 50 da 62 ke nan a agogon mil.

WHO ta ce ɗaura bel na rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi, kuma mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari. Jakar iska ma an ƙera ta ne don ta yi aiki tare da bel. Ga wanda bai ɗaura ba, ita kanta tana iya ji masa ciwo.

Mu dai sai a mako na uku muka dace, bayan mun duba motoci bakwai. Corolla ce ta 2010, ruwan toka, da ƙarzuwa a ƙofar baya, babu allo babu ƙyalli. Hotunanta na gwanjo sun nuna bambar baya kawai aka buga. Fitilunta duka sun kama sun mutu yadda ya kamata. Mai motar ta ɗan ɓata rai saboda launin, ta ce irin ta dattawa ce. Mahaifinta ya biya, muka wuce kai tsaye wajen mai taya aka sa sababbi huɗu, sannan ya gindaya mata sharuɗɗa kafin ya miƙa makulli: waya a cikin jaka, bel kafin a tayar da inji, kuma babu fita wajen gari sai bayan wata shida. Har yanzu idan magariba ta gabato yakan leƙa ƙofar gida, sai ya ji ƙarar hon ɗinta yake komawa ya yi alwala.