JAN YASHI DA BAƘIN YASHI: LABARIN RIJIYOYIN BANGALADASH

Bangaladash ƙasa ce ta manoman shinkafa, tana gabashin Indiya, kuma galibinta fadama ce. Da can mutanenta ruwan kududdufi su ke sha, kwalara da zawo suna ta kashe yara. Daga wajen 1970 sai Gwamnati da hukumar UNICEF su ka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse, daga baya masu gida su ka ci gaba da haƙa nasu, har su ka kai miliyoyi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Kowa ya yi murna.

Ashe da sauran magana. A 1983 wani likitan fata a Kalkatta, cikin Bengal ta Yamma da ke maƙwabtaka da su, ya ga mutane da baƙaƙen tabo a jiki, tafin hannu da na ƙafa sun yi kanta. Ya gano wani dafi ne da a ke kira arsenik. A 1993 a ka tabbatar da shi cikin rijiyoyin Bangaladash. Awon da a ka buga a 2001 ya nuna kashi 27 cikin 100 na rijiyoyi marasa zurfi sun wuce iyakar da Gwamnatinsu ta yanka, watau mutum wajen miliyan 35 na shan ruwan. Dafin ba ya kashewa nan take. Sai ya shekara da shekaru, sa'an nan ya kan kawo ciwon daji na fata, ko na huhu, ko na mafitsara.

To, wa ya zuba shi? Ba kowa. Cikin ƙasar ya ke tun asali.

Kogunan Ganga da Barahmaputara su ne su ka kwaso yashi da laka daga duwatsun Himalaya su ka shimfiɗa. Ko wace ƙwayar yashi tana da ɗan lulluɓin tsatsa, tsatsar nan kuwa ita ke riƙe arsenik, kamar yadda danƙo ke riƙe tsuntsu. Muddin tsatsar na nan, ruwa lafiya lau. Amma inda ambaliya ta binne ciyawa da ganye cikin laka, iska ba ta shiga, sai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su dinga cin ruɓaɓɓen nan. In iskar da ke cikin ruwan ta ƙare musu, sai su koma kan tsatsa su narkar da ita. Da ta narke, dafin ya kuɓuce ya bi ruwa. Duk manomin da ya taɓa haƙa gindin fadama ya ga taɓo mai ruwan toka, ya ga irin ƙasar da iska ta ƙaurace wa.

Don haka launin yashi ya zama abin lura ga masu haƙa. Yashi mai ruwan toka sabon zubi ne, shi ne mai hatsari. Ja ko ruwan ƙasa tsoho ne, tsatsarsa na nan, galibi ruwansa na da kyau. Tuddan jar ƙasa na Barind da Madhupur kusan duk sun tsira. Rijiyoyin da su ka zarce ƙafa 500 kuwa, ɗaya ce tak cikin 100 ta wuce iyaka. Abin mamaki, sai a sami rijiya biyu cikin unguwa ɗaya, wannan da dafi, waccan babu, domin shimfiɗar yashin ta bambanta. Shi ya sa a ka bi su ɗai ɗai da awo, mai kyau a shafa wa bakin famfonta koren fenti, mai dafi ja. Tafasa ruwan ba ya magani, sai ma ya ƙara masa ƙarfi in ruwan ya ƙone.

Noman rani ma bai tsira ba. Da ruwan rijiyoyin nan a ke ban ruwan shinkafar rani, ko wace shekara dafin na taruwa a saman gona. Ga shi shinkafa cikin ruwa ta ke tsayawa, iska ba ta kai wa saiwarta, saboda haka ta fi alkama da masara zuƙarsa nesa ba kusa ba. Masu binciken aikin gona sun ga cewa in an bar fagen ya tsane 'yan kwanaki kafin a sake sako ruwa, iska ta shiga, tsatsa ta sake kama dafin, abin da ke shiga ƙwaya ya kan ragu. Ruwan da a ke ja ma ya ragu, da kuɗin man inji.