Yawan Albarushi Ba Shi Ne Ƙarfin Bindiga Ba

Da an kawar da amfanin gona, sai ka ga matasa a Suleja da kewaye, daga Madalla har Dikko da Lambata, sun fara goge bindigogi ana shirin shiga dawa. Farauta sana'ar kaka da kakanni ce, ba ita nake ƙi ba. Abin da ya ishe ni shi ne maganar da ake yaɗawa a majalisu, wai kowace bindiga tana kayar da kowace dabba muddin an cika mata ciki da albarushi. Wannan zance ya raba mutane da yatsunsu, wasu da idanunsu, ya kuma bar mushe birjik a daji.

Bindigogin farauta dai uku ne: ta toka da ake ɗurawa ta baki, da mai kwanso wadda ke watsa ƙwayoyin dalma, sai raifal mai fitar da harsashi guda.

Ƙara da hayaƙi ba sa kashe babbar dabba. Harsashi ne zai huda fata mai kauri, ya fasa ƙashi, ya isa huhu ko zuciya, kuma ba zai iya ba sai yana da nauyi da ƙwarin da ba zai tarwatse a hanya ba. In ka danƙara albarushi fiye da kima, ba duka zai ƙone a cikin bututu ba. Ragowar wuta ce kawai za ta fita ta baki, amma matsin da ya ƙaru yana taruwa ne a gindin bindiga, daidai inda kuncinka da hannunka suke. Bututun nan kuwa wa ya taɓa gwada iyakar abin da zai jure? A Ingila tun 1813 aka kafa gida a Birmingham wanda aikinsa gwada bututun bindiga kafin a sayar. Mu a nan, fuskar maharbi ce wurin gwajin. Wani ma har ƙusa da gutsattsarin ƙarfe yake ɗurawa, don Allah ina hankali a nan?

Waɗanda suka daɗe suna farautar manyan dabbobi sun gano bakin zaren tuntuni, shi ya sa suka tsaya kan raifal mai matsakaicin baki. A 1905 wani maƙeri a Balin, Otto Bock, ya fito da harsashi mai lamba 9.3x62. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375. Nauyin dalmar kowannensu yakan kai giram 18 zuwa 19, tana gudun sama da mita 700 a daƙiƙa, tana kuma buɗewa a jikin dabba don ta mutu da wuri. A Tanzaniya doka ba ta yarda a harbi ɓauna ko giwa da abin da bai kai .375 ba. Harsashin AK-47 da wasu ke kurantawa kuwa giram 8 ne kacal, ko rabi bai kai ba. To ina ga kwanson harbin zabi da kurciya? Harbin gadu da shi tamkar watsa wa ƙato gero ne a baya. Dabbar za ta gudu da rauni, ta yi kwanaki tana ruɓewa da ranta, ko ta huce a kan manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Addinin da ya umarce mu da wasa wuƙa kafin yanka ba zai yarda da wannan azabar ba.

Ƙarancin horo da son burge abokai su ma suna cikin abin da ke jawo wannan ɓarna.

Saboda haka, ɗan'uwa maharbi, ka auna dabba da abin da ke hannunka. Ƙananan ƙwayoyi na tsuntsu da zomo ne, su ma kada nisa ya wuce mita talatin ko arba'in. Kada ka sa wa bindiga kwanson da ba lambarta ba, kada ka ƙara a kan ma'aunin da maƙeri ya ba ka, kuma ka leƙa bututu kafin ka fita, domin laka ko gidan zanzaro ya isa ya fasa shi. Bindigar da ta yi tsatsa ko ta tsage, a ajiye ta. Ka saita bayan allon kafaɗa. In dabba ta ba ka baya ko ciyawa ta tare ta, ka haƙura. Kada ka harbi motsi sai ka ga jiki, musamman a farautar gayya. In ka raunata dabba, bin sawunta ya zama wajibi a kanka.

Ka kuma san doka. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar toka sai da lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda, mai kwanso da raifal ta farauta sai da na Sufeto Janar, masu lamba 7.62 da .303 kuwa na soja ne. Ɓauna da gwanki da suka rage a jiharmu galibi suna gandun dajin Kainji, inda farauta haramun ce.

Ina roƙon sarakunan baka da dattawan maharba na masarautar Zazzau Suleja, kafin kowace fita a duba bindigar kowane yaro da abin da ya ɗura mata. Wanda ya ƙi a duba, a mai da shi gida.