Yadda Ake Soya Kifi a Kasko Ya Yi Ƙaras-Ƙaras Cikin Rabin Awa

A gidaje da dama, suyar kifi na ƙarewa da takaici. Sai a sayo kifi da tsada, a zuba man da shi ma ba arha yake ba, amma a ƙarshe fatar ta manne wa kasko, tsokar ta dagargaje, abin da ya rage kuma ya sha mai ya yi laushi. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan kifin ko kaskon, alhali matsalar ta fi yawa daga abu biyu: ruwan da ke jikin kifin, da rashin isasshen zafin mai.

Dalilin a fili yake. Ruwa yana tafasa ne a ma'aunin zafi 100 na Salshiyas, ita kuwa fatar kifi ba ta fara yin ja da ƙamshin suya sai zafin ya haura kusan 140. Muddin akwai danshi a bayan kifin, zafin man zai tafi ne wajen ƙone wannan ruwa, sai kifin ya turaru maimakon ya soyu. Wannan ruwan ne kuma ke sa mai fantsama ya ƙona hannu.

Zaɓen kifi

Kusan duk kifin da ake samu a kasuwanninmu yana soyuwa a kasko. Karfasa, wadda ake kamawa a madatsun ruwa irin su Kainji da Tiga, tana da tsoka mai riƙe jiki, kuma ƙarama tana soyuwa ɗungurungum. Giwan ruwa ba shi da yawan ƙaya, shi ya sa ya fi dacewa da gidan da ke da yara. Tarwaɗa tana da yauƙi, don haka sai an goge ta da gishiri ko toka ko lemon tsami kafin a yanka. Daga cikin kifin ƙanƙara kuwa, titus da kote suna da maiƙo a jikinsu, saboda haka ba su buƙatar mai da yawa.

Ɗanyen kifi mai kyau idonsa garau yake, kuma idan aka danna tsokarsa da yatsa takan dawo. Wanda ya yi laushi ko yake wari a bar shi, domin babu suyar da za ta gyara shi. Kifin ƙanƙara a bari ya narke sarai kafin a soya, ko a cikin firiji tun dare, ko a ƙulle shi a leda a tsoma cikin ruwan sanyi. Wanda ya riga ya narke saboda ɗaukewar wuta, ya kuma daɗe a haka, bai kamata a mayar da shi ƙanƙara ba.

Gyara da busarwa

Bayan an kankare ɓawon an cire kayan ciki, a wanke da lemon tsami don rage ƙarni, a kuma ɗauraye nan take, domin tsami idan ya daɗe yana lalata tsokar. A yanka gunduwa-gunduwa, kaurin kowace kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Idan kifin ɗungurungum ne, a tsaga shi sau biyu ko uku a kowane gefe, don zafi ya ratsa cikinsa.

Sai a barbaɗa gishiri a ajiye minti 10 zuwa 15. Gishirin zai shiga tsokar, ya kuma janyo ruwa zuwa waje. A goge wannan ruwa tas da tsaftataccen ƙyalle ko takardar goge hannu ta kicin. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin.

Wajen kayan ƙamshi, busassu sun fi: garin citta, masoro, barkono da ɗan dunƙule. Jajjagen attarugu da ɗanyar tafarnuwa suna da ruwa, kuma suna saurin ƙonewa su bar ɗaci a mai. Mai son su ya cusa kaɗan cikin tsagar kifin, ko ya haɗa su a miyar da za a ci da shi. Daf da suya, a juya kifin cikin fulawa ko garin masara mai laushi, a kakkaɓe sosai. Garin da ya yi yawa yakan zube ya ƙone a ƙasan kasko.

Suyar kanta

Kasko mai kauri ya fi riƙe zafi. A ɗora shi ya yi zafi tukuna, sannan a zuba man gyaɗa ko wani man da ke jure wuta, daidai yadda zai kai rabin kaurin kifin. Zafin da ake so shi ne tsakanin 175 da 180. Wanda ba shi da ma'auni ya jefa ɗan gari cikin man: idan ya taso yana kumfa nan take, man ya yi. Idan ya nutse shiru, da saura. Idan man yana hayaƙi, zafin ya wuce kima, a rage wuta.

A kwantar da kifin a hankali, gefen fata a ƙasa, ana sakinsa ta ɓangaren da ke nesa da jiki. Kada a cika kaskon, domin kowace gunduwa tana rage zafin mai, kuma idan sun cunkushe sai tururi ya taru a tsakaninsu. Gara a soya kashi biyu.

Daga nan sai haƙuri, domin a nan ne sauri ke haifar da nawa. Da farko kifi yakan kama kasko, amma idan ƙasansa ya soyu zai saki da kansa. A ba shi minti 4 zuwa 5 ba tare da an taɓa ba, a juya sau ɗaya, a ƙara minti 3 zuwa 4. Ya nuna idan tsokar ta daina sheƙi kuma tana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi.

Bayan an tsame

A tsame kifin a ɗora a kwando ko ragar ƙarfe don man ya tsane. Kada a rufe shi da murfi ko a zuba a kula yana da zafi, domin tururinsa zai mayar da fatar ta yi laushi. A guji shimfiɗa masa jarida, saboda tawadarta tana narkewa cikin mai.

Man da ya yi baƙi, ya yi kauri ko yake kumfa, ya gama aiki, a zubar. Idan kuma mai ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa masa ruwa. A kashe murhu, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi ya huce.

Yayin da gishiri ke shiga kifin, ana iya ɗora shinkafa ko doya, a yanka albasa, tumatir da kabeji. Da haka, cikin rabin awa abincin dare ya kammala, sai a matsa lemon tsami a kai a kan faranti, a ci tun da zafinsa.