Tauraruwar Teku: Jirgin da Ya Ɗauko Yunwa da Asirin Gida

Star of the Sea ƙagaggen labari ne da Joseph O'Connor ya fitar a 2002. Marubucin ɗan ƙasar Ailan ne, haifaffen Dublin a 1963, kuma yayan mawaƙiyar nan Sinéad O'Connor. Sunan littafin na wani jirgin ruwa ne, ma'anarsa Tauraruwar Teku, wanda a cikin labarin ya kama hanyar New York a watan Nuwamban 1847, maƙare da mutanen da yunwa ta koro. Tun a shafukan farko aka gaya wa mai karatu cewa akwai wanda za a kashe kafin a sauka. Abin da aka ɓoye shi ne hannun da zai yi kisan, da kuma abin da ya ƙulla mutanen jirgin da juna tun suna gida.

Ba a fahimtar littafin sai an san yunwar. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne cimar talakan Ailan safe da dare. Manomi zai tona kunya ya tarar dankalin ya yi baƙi, ya ruɓe, yana wari. Haka aka yi ta yi shekara bayan shekara har zuwa wajen 1852. Ƙasar da ƙidayar 1841 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 8 ta rasa kimanin miliyan 1 ta hanyar yunwa da zazzaɓi, wasu fiye da miliyan 1 suka yi hijira. A lokacin daga Landan ake mulkin Ailan, gonaki kuma na manyan masu ƙasa ne, talaka haya yake biya. Wanda ya kasa biya a rushe masa ɗaki a kore shi, alhali ana ci gaba da lodin hatsi da dabbobi zuwa Ingila. Jiragen da suka kwashi masu gudun, saboda yawan mace-mace, har laƙabin akwatin gawa aka yi musu.

Cikin irin wannan jirgi O'Connor ya zuba mutanensa. A ɗakunan alfarma akwai David Merridith, mai sarautar Kingscourt a yankin Connemara na Ailan, wanda ya gaji ƙasa da bashi, ya fito da matarsa Laura da 'ya'yansa maza biyu neman sabuwar rayuwa. Tare da su akwai mai renon yaran, Mary Duane, 'yar talakawan gandunsu. A can ƙasa, cikin cunkoson talakawa, akwai Pius Mulvey, mai ɗingishi, wanda ba ya fitowa sai dare, har fasinjoji suka ɗauke shi fatalwa. Wata ƙungiyar asiri ta manoman da aka kora ce ta tilasta masa ya kashe Merridith, in ya ƙi a kashe shi. Sai Grantley Dixon, ɗan jarida Ba'amurke, mai nema da matar Merridith a ɓoye, wanda kuma shi ne aka nuna ya harhaɗa labarin bayan shekaru.

Gwanintar littafin tana cikin wannan harhaɗawa. An jera shi kamar tarin takardun shaida: wasiƙu, rahotannin jarida, waƙoƙin gargajiya, zane-zanen zamanin, da kundin da kyaftin Josias Lockwood yake cikawa kullum. Wannan kundin ya fi komai taɓa zuciya. Kyaftin yakan rubuta yanayin iska da nisan da aka ci, sannan ya jero sunayen waɗanda suka mutu a daren aka jefa su teku. A lissafinsa na ranar farko fasinjojin ƙasa 402 ne da rabi, domin yaro rabin mutum ake ƙirga shi. Wannan rabin kaɗai ya isa ya nuna darajar da talaka yake da ita a idon kamfanin jirgin.

Tarihin Mulvey shi ne ɓangaren kasada: ya bar Connemara, ya zama ɓarawo da mawaƙin titi a Landan, ya shiga kurkukun Newgate, ya tsere da jini a hannunsa. Amma nauyin labarin yana kan Mary. Ita da David sun taso tare, sun so juna suna matasa, mahaifinsa ya raba su ba tare da ya faɗi dalili ba. Pius ya yi mata ciki ya gudu; ta auri ɗan'uwansa Nicholas; yunwa ta raba ta da miji da 'ya. Sai can gaba asiri ya tonu: tsohon mai sarautar, mahaifin David, shi ne mahaifin Mary. Ashe uban gida da mai aikin gidansa jini ɗaya ne. Da wannan O'Connor ya rusa katangar da ake ginawa tsakanin mai ƙasa da talakansa, ya nuna cewa wanda aka bari yunwa ta ci ɗan gida ne da aka ƙi amsawa. Bai kuma wanke kowa ba, domin a cikin littafin talaka ma yana cin amanar talaka.

Batun asali yana da zafi ga jikokin waɗannan matafiya. Sama da mutum miliyan 30 a Amurka suna danganta kansu da Ailan, kuma mai neman tushensa yakan ci karo da bango, saboda gobarar da ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin a 1922, lokacin yaƙin basasa, ta tafi da mafi yawan takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851. Littafin ya san wannan giɓi. A babinsa na ƙarshe Dixon ne, ya tsufa, yake rubutu a New York a 1916, yana faɗin makomar kowa, a nan ne kuma sunan wanda ya yi kisan ya fito. Zuriyar Merridith tana da takardu, an san inda kowannensu ya ƙare. Mary Duane kuwa, Dixon ya shafe shekaru yana cigiyarta, yana bin sunanta nan da can cikin rajistoci a faɗin Amurka, bai sake sa ta a ido ba.