Kantin Abincin Gida: Shawara Ga Masu Albashi Na Ƙasar Rano

A wani rangadi da na yi na duba makarantun ƙasar Rano, yamma ta yi mini a Dawaki, na sauka gidan wani malami wanda na koyar tun yana kwalejin horon malamai. Ya yi mini kyakkyawar karɓa, Allah ya saka masa da alheri. Bayan sallar isha sai ga faranti cike da taliyar leda, da lemon kwalba biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Tuwon dawa da miyar kuka aka yi a gidan, shi ya sa na aika kanti aka sayo wannan, don kada a ba baƙo abincin ƙauye." Na ce, "Malam, in dai girmama ni kake son yi, mai da wannan ka kawo mini tuwon."

Tun daga ran nan maganar ba ta fita raina ba. Ga mutum mai ilmi, wanda ke koya wa yara kiwon lafiya a aji, amma yana jin kunyar abincin da ya fi wanda ya ɓatar da kuɗinsa ya sayo. Ba shi kaɗai ba ne kuwa. Yawancinmu masu albashi, malamai da akawuna, haka muke.

ABIN DA KE CIKIN ƘWARYAR TUWO

Mu dubi abin da malamin nan ya raina. Dawa da gero suna ba da ƙarfi, gero kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wake da gyaɗa da daddawa su ne masu gina jiki. Kuka, zogale, rama, lalo da yakuwa suna ɗauke da bitamin da sauran sinadaran da ke tsare jiki daga cuta. Saboda irin wannan amfani ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa.

Likitoci sun daɗe da gane illar abincin da aka tace ƙwarai. Tsakanin 1890 da 1897 wani likita ɗan ƙasar Holan, mai suna Eijkman, ya lura a tsibirin Jaba cewa kajin da ake ba farar shinkafa tas suna kamuwa da shanyewar ƙafa, in aka ba su wadda ba a goge bayanta ba sai su warke. Daga nan aka bi sawu har aka gano bitamin ɗin da ke maƙale a bayan ƙwayar. To, shinkafar da matan Kura ke turarawa kafin a kai ta inji tana riƙe da rabo mai yawa na wannan bitamin, gama turarin yana tura shi cikin ƙwayar. Watau abin da ake kira shinkafar ƙauye ya fi fara tas ɗin nan amfani ga jiki.

Haka kuma a 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana ciwon da ke kama yaran Ankara bayan yaye, in an bar su da kunun masara zalla: kumburi, da jan gashi, da rashin kuzari. Maganinsa abinci mai gina jiki ne. Iyayenmu mata da ke dama wa yayayye kunun gyaɗa ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun yi daidai.

DUNƘULE DA DADDAWA

Babu inda canji ya fi bayyana kamar tukunyar miya. Da, daddawa ce uwar miya. Ana dafa kalwa, a cire ɓawonta, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi, sa'an nan a kirɓa a shanya. Wajen sulusin nauyinta abin gina jiki ne, shi ya sa take tsaya wa talaka a ranar da babu nama. Yau dunƙulen kanti ya kusa ture ta, shi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Uwargida ta jefa dunƙule huɗu ko biyar a miya, ta kuma ƙara gishiri, sa'an nan maigida ya yi mamakin yadda hawan jini ya same shi. Lemon kwalba ma haka: tun da gwamnatin tarayya ta sa masa harajin naira 10 a kowace lita cikin dokar kuɗi ta 2021, ai an san yawan sukarin da ke ciki abin dubawa ne.

Kada a fahimce ni baibai. Ba duk abin da ya fito daga masana'anta ne abin ƙi ba. Gishiri mai aidin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993, ya rage maƙoƙo ƙwarai, kuma shi ya kamata kowa ya saya. Abin da nake ƙi shi ne mu mai da kayan leda abincin kullum, mu mai da namu abin kunya.

INA KUƊIN YAKE TAFIYA?

Akwai wata fuska kuma wadda ta shafi aljihu. In akawu ya sayi ƙwalin taliya, ɗan abin da mai kanti zai samu kaɗai ke kwana a garin, sauran ya hau mota ya tafi birni. In kuwa ya sayi daddawa, da ƙuliƙuli, da man gyaɗa na matsar hannu, kuɗin ya shiga hannun wata mata a cikin gida. Ita ta sayi kalwa da gyaɗa wurin manomi, manomi ya biya maƙeri, maƙeri ya saya wa ɗansa littafi, ɗan kuwa yana ajinka, kai malam. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, ta nuna cikin littafinta na 1972 a kan Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina cewa cinikin da mata ke yi daga cikin gidaje kasuwa ce sosai, ko da yake ba ta da rumfa. Haka abin yake a Dawaki, da Lausu, da Rurum, da Tarai ta Kibiya.

In wannan ciniki ya mutu, ba shi kaɗai zai mutu ba. Manomi yana barin ɗorawa tsaye a gonarsa ne domin kalwa tana da kuɗi. Ranar da ta rasa mai saye, gatari ne zai bi ta kanta.

Abin mamaki, a Ingila da Amurka akwai kantuna na musamman da ba su sayar da kome sai irin abincin nan, da tsada kuwa. Tarayyar Turai ta yarda a sayar da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta tun 2008. Zoɓon da ake tarawa a Kano da Jigawa har ƙasar Mekziko ake kai shi. Mu da abin ke tsirowa a bayan gidanmu mu ne muka juya masa baya.

GYARA KAYANKA

Sai dai a faɗi gaskiya, kayanmu ma suna da aibu. Gyaɗa ko masara da aka tara da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fid da dafin da ke lalata hanta. An gano dafin nan ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Wasu 'yan kasuwa kuma suna zuba wa wake maganin ƙwari mai guba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Ga ƙuda a kan kaya, ga tsakuwa a shinkafa, ga mudu mai lotsattsen gindi. Waɗannan ne ke korar mai albashi zuwa kanti, kuma duk suna da magani. Wake, alal misali, ana iya ajiye shi cikin buhu mai ninki uku wanda iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa guba ba.

SHAWARA

A shekarar 1844 mutum 28, da dama daga cikinsu masaƙa, a garin Rochdale na Ingila, sun gaji da gurɓataccen gari da tauye awo. Kowa ya kawo fam ɗaya suka buɗe ɗan kanti nasu na kansu. Daga nan tsarin jam'iyyun gama kai ya watsu a duniya. Me zai hana malamai da akawunan Rano da Kibiya su yi haka? Ƙasa ce mai albarka, ga dawa da gero da gyaɗa da damina, ga kayan lambu da rani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. A kama ɗaki ɗaya mai tsabta, a tafiyar da shi bisa waɗannan sharuɗɗa:

Na ɗaya, a riƙa saye kai tsaye daga manoma da matan gari, a biya su nan take, ban da bashi.

Na biyu, kada a karɓi hatsi mai danshi ko mai warin magani, ko da na ɗan'uwan shugaba ne.

Na uku, mudu ɗaya ga mai saye da mai sayarwa, kaya kuma a rufe.

Na huɗu, a rubuta kowane kwabo, a karanta wa jama'a lissafi ƙarshen kowane wata. Wannan aikin akawuna ne, gama shi suka iya.

Malamai kuma su kai maganar aji. A sa yara su kawo ganyaye da hatsin gidajensu, a koya musu sunan kowanne da amfaninsa, a dasa zogale a shingen makaranta. Yaron da ya ji malaminsa yana yabon miyar kuka ba zai tashi yana jin kunyarta ba.

Kafin kantin ya samu, kowa yana iya farawa daga cefanen gobe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma albashin mutum ashirin in ya fuskanci wuri guda ya isa ya raya sana'ar unguwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.