Tarabani: Kifin Bahar Maliya da ake wa kamun ƙare dangi

Duk ɗan Zangon Kumasi da ya je aikin Hajji ko Umara ya ratsa Jidda, ya ga Bahar Maliya, ko da ta tagar mota ce. Abin da ido bai kai gare shi ba shi ne duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwan, murjanin nan da aka ambata cikin Suratur Rahman. A nan ne tarabani yake zaune, kamar yadda masuntan Jidda ke kiransa. Turawa kuwa Napoleon suka laƙaba masa, saboda ƙullutun goshinsa mai kama da hular wancan sarkin Faransa.

Kifi ne kore shar mai ratsin shuɗi, ga leɓɓa masu kauri, ga zane a fuska kamar an yi masa lalle. Shi ne babba a dangin kifayen da masana ke kira wrasse: namiji kan kai mita 2, nauyinsa ya kusa kilo 180, yana kuma iya shekara 30 a duniya.

Ga abin al'ajabi. Tarabani ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara 5 zuwa 7. Wasu matan kuma, in sun kai wajen shekara 9, sai su rikiɗa su koma maza. Ikon Allah ke nan. To, ka ga wanda ya kama shi yana ƙarami ya kashe uwa, ya kuma kashe uban gobe.

Haka kuwa ake yi. A manyan gidajen abinci na Hong Kong da ƙasar Sin, da ransa ake son sa, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. A tekun Indonesiya da Filifin wasu masunta kan fesa gubar sayanaid ya suma, su ɗauke shi. Gubar ta bi murjanin ta kashe. Asarar biyu ce, don tarabani na cikin 'yan kifayen da ke iya cinye tauraron teku mai ƙaya, wanda ke lashe murjani. A 2004 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, yarjejeniyar CITES kuma ta taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Wani zai ce ina ruwan mai sayen kifi a Kejetia ko Aboabo? Ai ciwon ɗaya ne. A gaɓar tekun Ghana ma ana fama da masu kamun kifi da nakiya da guba, duk da doka ta haramta hakan. A 'yan shekarun nan har gwamnati kan dakatar da manyan jiragen kamun kifi a Yuli da Agusta don kifi ya samu ya hayayyafa. Nan kusa da mu, masuntan tafkin Bosomtwe sun daɗe suna kukan kifi ya ragu, ya kuma ƙanƙance.

Masunci dai abin da kasuwa ke karɓa yake kawowa. Muddin muna sayen ƙwayar da ba ta kai haihuwa ba, raga mai ƙananan ido ba za ta fita daga ruwa ba.